Tailscale, NetBird, ZeroTier ko Headscale: Wanne Ya Dace da Sabar Gidanka?

Duk wanda ya ajiye ƙaramar kwamfuta a lungun ɗaki tana aiki dare da rana, ya zuba mata hotunan iyali da takardun shago, ko ya jona mata kyamarorin tsaron gida, ba ya jimawa sai wata buƙata ta taso masa. Yana so idan ya yi tafiya ya leƙa sabar nan daga wayarsa, amma ba ya so ya bar ta a buɗe ga duk wanda ya ga dama. Abin da masu wannan harka suka fi runguma yanzu shi ne VPN mai tsarin raga, wanda ake ɗorawa a kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen akwatin da manhaja ke aiki a cikinsa, kusa da sauran manhajojin sabar.

Wannan ba irin VPN ɗin da aka yi rububin saukewa ba ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter. Wancan, ta kwamfutar wani kamfani kake bi don ka ɓullo intanet ta wata ƙasa. Wannan kuwa aikinsa shi ne ya haɗa na'urorinka da junansu, waya da laftof da sabar gida, su riƙa magana a asirce tamkar suna kan Wi-Fi ɗaya, ko da ɗaya tana Kano ɗaya tana Jidda. Kowace na'ura tana ƙirƙirar makullai biyu: na sirri wanda ba ya barin cikinta, da na fili wanda ake rarraba wa sauran. A tsakiya akwai sabar rajista mai riƙe da jerin na'urorin da makullansu na fili da inda kowacce take a halin yanzu. Ita ce ke haɗa su, daga nan sai su ci gaba da magana kai tsaye ba tare da bayanan sun bi ta kanta ba. Idan kai tsayen ya gagara, sai a koma kan sabar miƙa saƙo, wadda ke karɓar bayanan a kulle ta miƙa su gaba.

Bambancin da ke tsakanin manhajojin da za mu duba ya ta'allaƙa ne kan waɗannan sabobi biyu: wa ke riƙe da su, a ina suke zaune, kuma me zai same ka ran da ba a same su ba.

Kafin ka zaɓi komai, leƙa rautarka

Shiga shafin rautarka, galibi ta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, ka nemi adireshin da aka rubuta a gaban WAN IP. Sannan ka buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na intanet, ka gwada su biyun. Idan sun zo ɗaya, kana da adireshin fili, kuma duk zaɓuɓɓukan nan a buɗe suke gare ka. Idan sun saɓa, musamman idan na rautar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan abin da ake kira CGNAT.

Adireshin IPv4 sun yi ƙaranci tun tuni, don haka kamfanonin sadarwa ke tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya. A 2012 ma aka ware musu zangon 100.64.0.0/10 musamman saboda haka. Mai irin wannan layi kamar ɗan haya yake a gida mai ɗakuna ɗari da zaure ɗaya: shi yana fita ya dawo yadda yake so, amma baƙon da ya zo da lambar gida kaɗai ba zai san ɗakin da zai nufa ba. Yawancin masu rautar 4G da 5G ta layukan waya haka suke, haka ma masu ƙaramin tsarin Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Ko ka kwana kana buɗe ƙofofi a saitin rautarka, babu abin da zai shigo daga waje, domin ƙofar da ake buƙata tana hannun kamfanin.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Abu biyu ne ake iya sakawa a kwantena. Na farko manhajar da ke shigar da sabarka cikin ragar a matsayin mamba. Wannan tana aiki a bayan CGNAT lafiya lau, saboda ita ce ke fita ta nemi sauran. Na biyu ita ce sabar rajistar kanta, kuma ita dole ne kowa ya iya samunta daga ko'ina. Idan ba ka da adireshin fili, sabar rajista ba za ta zauna a ɗakinka ba. Ko dai ka bar ta a hannun kamfani, ko ka yi hayar ƙaramar VPS, wato sabar haya a intanet mai adireshin fili, ka ɗora ta can. Duk wanda ya ce maka zai haɗa maka komai a cikin gida ɗari bisa ɗari a kan layin waya, ka tambaye shi ta ina wayarka za ta shigo.

WireGuard zalla

Shi ne tushen da yawa daga cikinsu. Jason Donenfeld ne ya rubuta shi, kuma ya shiga kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, a sigar 5.6 a watan Maris na 2020. Ƙarami ne, yana da sauri, ba ya cin batir sosai. Akwai kwantenar wg-easy da ke ba shi shafin sarrafawa a ƙofa ta 51821, inda kake ƙirƙirar sabon mamba ka ɗauki hoton lambar QR da waya, shi ke nan. Mai adireshin fili da na'urori uku ko huɗu ba ya buƙatar fiye da wannan: ya buɗe ƙofar UDP 51820 a rauta, ya haɗa da sunan DDNS, wato suna tsayayye mai bin adireshin gidan duk lokacin da ya canza.

Sai dai shi kaɗai ba raga ba ne. Ba ya neman 'yan uwansa, ba ya ratsa CGNAT da kansa. Za ka iya sa VPS a tsakiya kowa ya riƙa haɗuwa a can, amma a lokacin duk bayananka sai sun je ƙasar da VPS ɗin take sun dawo, ko da wayar da sabar suna unguwa ɗaya.

Tailscale

Kamfanin Kanada ne da aka kafa a 2019, ya ɗauki WireGuard ya gina masa duk abin da ya rasa. Idan aka ce in zaɓar wa wanda bai taɓa yi ba, shi zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba, kuma dalilina ɗaya ne babba: a duk cikinsu shi ya fi naci wajen nemo hanya a layukan da suka fi taurin kai. Idan haɗin kai tsaye ya ƙi, sabobinsa na miƙa saƙo da ake kira DERP suna bi ta ƙofar 443, wadda kusan babu otal ko ofishin da ke toshewa.

Kowace na'ura tana samun adireshi tsayayye mai farawa da 100, kuma da MagicDNS ba sai ka haddace lamba ba, sunan na'urar kawai za ka rubuta. Tsarin kyauta da suka fito da shi a 2023 ya ba da masu amfani 3 da na'urori 100, wanda ya ishi gida har da rara. Irin waɗannan lambobi kan canza, saboda haka ka duba shafin farashinsu ranar da za ka fara. Sabarka za ta iya zama mashigar duk na'urorin gidan da ba sa ɗaukar manhajar, kamar firinta da akwatin kyamarori. Za ta kuma iya zama mafitar intanet, yadda idan kana ƙasar waje shafuka za su gan ka kamar daga gida kake.

To, me ka bayar a madadin wannan sauƙin? Sabar rajista tasu ce, kuma ba su buɗe lambobin manhajarta ba, duk da cewa yawancin manhajar da ke kan na'urorinka a buɗe take. Ba sa ganin abin da kake aikawa, domin makullin sirri bai taɓa zuwa wurinsu ba. Amma sun san na'urorinka, da sunayensu, da adireshin da suke shigowa da shi, da lokacin da suke kan layi. Kuma tunda su ke rarraba makullai, a ƙa'ida wanda ya ƙwace sabarsu zai iya cusa baƙuwar na'ura cikin ragarka. Sun tanadi maganin wannan mai suna Tailnet Lock, inda sabuwar na'ura ba ta shiga sai wata amintacciya taka ta sa mata hannu, amma sai ka kunna shi da kanka. Sannan shiga asusun yakan bi ta Google ko Microsoft ko Apple ko GitHub. Ma'ana, wanda ya sace maka Gmail ya sami hanyar shiga sabar gidanka. Kada ka fara ba tare da ka kunna tantancewa mai mataki biyu a wannan asusun ba.

Akwai abin da ya kamata ka gwada tun daren farko. Rubuta `tailscale status` a sabar yayin da wayarka ke haɗe ta data. A gaban sunan wayar za ka ga ko dai kalmar direct da adireshi, ko relay da gajeren sunan wani birni. Idan na biyun ne, bayananka zagaye suke yi. Takardu da SSH, wato hanyar ba saba umarni daga nesa, ba za su damu ba, amma bidiyon kyamara zai riƙa tsayawa, domin sabobin DERP na kowa da kowa ne, ba a yi su don jigilar manyan kaya ba. Hakan ya fi faruwa idan ɓangarorin biyu duk suna bayan CGNAT mai tsauri. Umarnin `tailscale netcheck` zai jero maka sabobin da nisan kowacce. Suna da su a Johannesburg da Nairobi, amma kada ka yi mamaki idan daga Najeriya ta Turai ce ta fi kusa. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka Legas, irin su MainOne da Glo-1, Turai suka nufa. Idan layinka yana ba da IPv6, kunna shi a rauta, sau da yawa shi kaɗai ke mayar da zagayen ya zama kai tsaye.

Headscale

Ga wanda manhajar Tailscale ta yi masa amma zuciyarsa ba ta kwanta da barin rajista a hannun kamfani ba. Juan Font ne ya fara shi, buɗaɗɗiyar manhaja ce da ke kwaikwayon sabar rajistar Tailscale, kuma ɗaya daga cikin masu kula da shi, Kristoffer Dalby, ma'aikacin Tailscale ne, don haka ba a ɓoye ake yin sa ba. Kana amfani da manhajojin Tailscale na waya da kwamfuta yadda suke, sai dai ka nuna musu adireshin sabarka. Ba shi da nauyi, VPS mafi ƙanƙanta ta ishe shi, kuma yana ɗauke da DERP nasa da za ka iya kunnawa.

Amma ka shirya zama da baƙin allo. Ba ya zuwa da shafin sarrafawa. Da umarni ake ƙirƙirar masu amfani da makullan shiga, sai dai ka ƙara wani abu daban kamar Headplane. Raga ɗaya yake riƙewa, an yi shi ne don mutum ɗaya ko ƙaramar ƙungiya. Abubuwa biyu kuma sun shafi batunmu kai tsaye. Masu shi sun faɗa a fili cewa ba sa ƙarfafa a gudanar da shi cikin kwantena ko a bayan wata saba mai karɓar masa baƙi ta miƙa masa (reverse proxy). Mutane da yawa suna yi kuma yana aiki, amma idan ya lalace kai da hannunka ne. Na biyu, dabarar da ke fara zuwa wa mai CGNAT a rai, wato ya ajiye Headscale a gida ya fito da shi ta Cloudflare Tunnel, ba ta aiki, kuma takardun manhajar sun yi gargaɗi a kai. Saboda haka VPS ce, da sunan yanki (domain), da takardar shaidar HTTPS.

VPS ɗin nan kuɗi ce duk wata. Mafi ƙanƙanta tana kamawa daga dala 4 zuwa 6, ga kuɗin sunan yanki duk shekara, kuma biyan sai da katin da ke wucewa a dala. Ran da katin ya ƙi, aka rufe VPS, ragarka ta tafi da ita. Ka sa wannan a lissafi kafin ka ce kana son mallakar komai.

NetBird

Daga Berlin yake, da can sunansa Wiretrustee. Shi ma a kan WireGuard aka gina shi, kuma a Linux yana amfani da na cikin kanel idan ya samu. Abin da ya bambanta shi: sabar rajistar da shafin sarrafawar duk buɗaɗɗun manhajoji ne, kuma kamfanin da kansa ne ke ba da hanyar ɗora su a sabarka da Docker Compose. Wato yawancin abin da kake gani a tsarinsu na haya shi ne za ka samu idan ka ɗauke shi zuwa wurinka. Tsarinsu na kyauta ya kai masu amfani 5 da na'urori 100.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne inda mutane suka wuce ɗaya kuma ba kowa ya kamata ya ga komai ba. A ce kana da shago da gida: yaron shago ya shiga manhajar lissafin kaya kawai, mai ɗakinka ta ga hotuna da kyamarori, kai ka ga duka. A NetBird rukuni kake ƙirƙira ka ja dokoki da linzami, abin a bayyane yake ko ga wanda ba gwani ba. Nauyinsa ya fi na Headscale idan za ka riƙe shi da kanka, domin kwantenoni da dama ne ke aiki tare, kuma suna ba da shawarar VPS mai aƙalla 2GB na RAM, da sunan yanki, da ƙofofin TCP 80 da 443 da UDP 3478 a buɗe. Shawarata ga mai sha'awarsa ita ce ya fara da na hayarsu kyauta, ya ga yadda yake yi a layinsa, in ya gamsu sannan ya yi ƙaura.

ZeroTier

Ya girmi sauran, Adam Ierymenko ne ya ƙirƙiro shi, kuma ba ya amfani da WireGuard, nasa tsarin gare shi a ƙofar UDP 9993. Kowace raga tana da lamba mai harufa 16. Ka ba na'ura lambar, ka je shafin ka amince da ita. Ƙarfinsa na musamman shi ne yana kwaikwayon Ethernet ne sukutum, ba adireshin IP kaɗai ba. Saboda haka tsofaffin manhajojin da ke neman junansu ta hanyar shela a cikin gida, kamar wasu manhajojin kyamara da na lissafi da wasannin LAN, sukan yi aiki a kansa alhali sun ƙi a kan sauran. Idan kuma rautarka MikroTik ce mai ARM da RouterOS 7, za ka iya sa shi a kan rautar kanta ka huta da kwantena.

Abin da ya rage masa farin jini shi ne tsarin kyautar da ake ta matsewa. A 2024 ya sauko daga na'urori 25 zuwa 10. Gidan da ke da wayoyi huɗu, laftof biyu, saba da talabijin ya kusa cika ƙidayar. Ana iya riƙe mai sarrafa ragar a gida ta hanyar ZTNET ko ztncui, har a bayan CGNAT, sai dai har a lokacin na'urorin suna dogara da sabobin tushe na kamfanin don su gano juna. Idan ba ka da manhajar da ke buƙatar wancan kwaikwayon Ethernet, ban ga abin da zai sa sabon shiga ya fara da shi ba.

Nebula

Kamfanin Slack ne ya gina shi don sabobinsa, ya sake shi ga jama'a a 2019. Babu asusu, babu shafi, babu kamfani a tsakiya. Kai ne ke ƙirƙirar hukumar shaidarka da `nebula-cert`, ka sa wa kowace na'ura hannu, ka kwafa mata fayilolinta. Yana buƙatar aƙalla na'ura ɗaya mai adireshin fili da ke nuna wa sauran hanya. Yana da kyau ga mai sabobi da yawa da ya saba da fayilolin saiti. Ka dai rubuta ranar a kalanda: shaidar tushe shekara ɗaya take yi idan ba ka canza wa'adin ba, kuma ran da ta ƙare duk ragar ke mutuwa lokaci guda. Ba shi zan ba wanda zai sa wa mahaifiyarsa a waya ba.

Abin da kwantenar ke buƙata

Ko wanne ka ɗauka, wuraren tuntuɓen kusan ɗaya ne. Bari mu ɗauki Tailscale.

Na farko shi ne ma'ajiyar shaidar na'urar. Kwantena tana manta komai idan aka sake gina ta. Dole ka ba ta wurin ajiya na dindindin, ka nuna shi da `TS_STATE_DIR`, galibi `/var/lib/tailscale`. In ba haka ba, duk sabuntawa sai ta shigo a matsayin sabuwar na'ura da sabon adireshi, ka buɗe shafin ka tarar da saba, saba-1, saba-2 a jere, duk matattu sai ta ƙarshe. A ZeroTier wurin shi ne `/var/lib/zerotier-one`, inda fayil ɗin `identity.secret` yake.

Na biyu, izini. Kwantenar Tailscale tana tashi ne a yanayin da ba ya taɓa kanel, wanda ke aiki ko'ina amma ya fi jinkiri. Don cikakken gudu sai ka sa `TS_USERSPACE=false`, ka miƙa mata `/dev/net/tun`, ka ƙara mata `NET_ADMIN`. Ba ta buƙatar `privileged` gaba ɗaya, kada ka ba ta don kawai ka ga an rubuta haka a wani wuri. Masu Proxmox da ke amfani da LXC su ma sai sun miƙa `/dev/net/tun` ɗin a saitin kwantenar kafin komai ya tashi.

Na uku, wa kake so a gani? Idan ka sa kwantenar a `network_mode: host`, duk sabar ce ta shiga ragar da duk ƙofofinta. Idan kuwa manhaja ɗaya kake son fitarwa, a ce Jellyfin ta finafinai ko Immich ta hotuna ko Nextcloud ta fayiloli, sai ka jingina ta da kwantenar VPN ta hanyar `network_mode: service:tailscale`. Manhajar za ta fito da sunanta da adireshinta kamar na'ura mai zaman kanta, kuma za ka iya raba ta da ɗan uwanka ba tare da ya ga sauran kayanka ba. Wannan ne babban dalilin da ya sa kwantena ta cancanci wahalarta.

Sai wa'adin makullai. Makullin shiga na `TS_AUTHKEY` ba ya wuce kwana 90, amma sau ɗaya ake buƙatarsa idan ma'ajiyar tana nan. Wanda ke cizon mutane shi ne makullin na'urar, mai ƙarewa bayan kwana 180. Wayarka za ta ce ka sake shiga, ka shiga. Saba kuwa babu mai kallonta, shiru kawai za ta fita daga ragar, kuma ba ta tashi yin haka sai kana nesa. Ka shiga shafin ka kashe mata ƙarewar makulli tun ranar farko.

Idan za ka mai da sabar mashigar sauran na'urorin gida da `TS_ROUTES`, sai ka kunna `net.ipv4.ip_forward` sannan ka amince da hanyar a shafin sarrafawa. Kuma ka sauya zangon gidanka daga 192.168.0 ko 192.168.1 zuwa wani da ba a cika amfani da shi ba, misali 192.168.73. Ran da ka sauka a otal mai zango irin naka, laftof ɗinka ba zai san wace 192.168.1.10 kake nufi ba.

Ga wani ra'ayi da ba kowa zai so ba. Idan VPN ɗin nan ita ce kaɗai hanyarka ta shiga sabar daga nesa, bai kamata ta dogara da Docker ba. Ran da Docker ya ƙi tashi bayan sabuntawa, ko faifai ya cika, hanyar da za ka bi ka gyara ta mutu tare da shi. Abin da ya fi shi ne ka sa manhajar kai tsaye a kan sabar don SSH da gyara, ka bar kwantenoni don fitar da manhajoji ɗai-ɗai. Kuma kada ka bar wata manhaja tana sabunta maka kwantenar VPN da kanta cikin dare. Ka ɗaure ta a siga ɗaya, ka sabunta ranar da kake gida.

Wuta da layi

Duk wannan zance ne idan sabar a kashe take. A wurinmu ɗauke wuta ya fi kowane ɗan kutse yawan raba mutum da sabarsa. Tsohon laftof yana da fa'idar da ake rainawa, batirinsa na jikinsa. Ƙananan kwamfutoci masu Intel N100 ba sa cin wuta, ƙaramar inbata ko sola tana riƙe su tsawon dare, amma ka shiga BIOS ka kunna saitin da ke sa su tashi da kansu idan wuta ta dawo, ka kuma sa `restart: unless-stopped` a kwantenar. Rautar ma ta hau kan batirin, don saba mai rai a bayan matacciyar rauta ba ta da amfani.

Masu Raspberry Pi 4 su lura ba shi da agogon da ke ci gaba da tafiya idan babu wuta. Yakan tashi da tsohon lokaci har sai ya samu intanet ya daidaita, kuma a wannan tsakanin takardun shaida da gaisuwar WireGuard na iya ƙin karɓuwa. Yawanci yana warwarewa da kansa cikin mintuna, kada ka yi saurin goge saiti. Pi 5 yana da wurin jona ƙaramin batirin agogo.

Gudun da za ka samu daga nesa kuma ba zai wuce gudun aikawa na layin gidanka ba, wanda a layukan waya ya fi na saukewa ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Babu manhajar da za ta gyara wannan. Kuma duk fim ɗin da ka kalla daga sabar, data biyu ya ci, ta gida da ta wayar.

Akwai kuma ranar da laifin ba na gidanka ba ne. A 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da Najeriya da Ghana. A irin wannan rana na'urorin da suka riga suka haɗu kai tsaye sukan ci gaba da magana, domin makullan suna hannunsu, amma ƙara sabuwar na'ura ko bi ta sabar miƙa saƙo da ke Turai sai abin da hali ya yi. Headscale ko NetBird ɗinka da ke kan VPS a Jamus bai tsira daga wannan ba. Wanda abin ya dame shi da gaske sai ya nemi VPS a cikin ƙasa, ko ya tambayi kamfanin layinsa farashin adireshin fili tsayayye, wanda masu faiba da yawa ke sayarwa.

Kafin ka amince da duk wanda ka zaɓa, yi masa gwaji ɗaya kana zaune a gida. Kashe Wi-Fi a wayarka, ka shiga sabar ta data, ka duba ko haɗin kai tsaye ne. Sannan ka kashe soket ɗin da sabar da rautar ke kai, ka jira minti biyu, ka kunna, ka koma kujera ba tare da ka taɓa madannai ba. Idan wayar ta sake ganin sabar da kanta, kuma da adireshin da take da shi ɗazu, za ka iya yin tafiyarka.